Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin gari mazauna birane

Gabatarwa

 

     

Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan ilimi, ganin cewa alli muka riƙe shekara 35. Sai muka roƙi alfarmar a bar mu mu yi magana a kan tukunya, saboda dalilai biyu. Na farko, kowace shekara mukan tattauna batun burtsatse da rufin aji da taransifoma, amma abin da ya fi cinye aljihunmu bai taɓa shiga jerin abubuwan tattaunawa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. Na biyu, duk wanda ke halartar jana'iza da dubiya a cikinmu ya san sunayen da ake yawan ambata yanzu: hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki, kuma galibi ga mutanen da ba su cika shekara 60 ba. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Shi ne kuma Ya ba mu hankalin sanin cewa rigakafi ya fi magani.

Maganarmu ɗaya ce. Tukunyar da ta raine mu ta fi araha, ta fi lafiya, kuma kuɗinta gida yake komawa. Mu muka juya mata baya, mu ne kuma za mu iya waiwayarta.

Tukunyar da ta raine mu

Bari mu tuna wa juna. Da safe ɗumame ne, ko koko da ƙosai, ko kunun tsamiya. Da rana fura da nono, ko ɗanwake, ko dambu, ko fate, ko kwaɗon rama da zogale da aka haɗa da ƙuli-ƙuli. Da dare tuwon dawa ko na gero, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi ko taushe, ga daddawa tana ƙamshi tun daga zaure. In ka ɗebe gishiri da kanwa, kusan duk abin da ke cikin akushi daga gonar da za ka iya zuwa da ƙafa ya fito. Babu abin da ake zubarwa. Ragowar tuwo ta zama ɗumame, ƙanzo a jiƙa shi a ci, dusa da ƙasari na dabbobi ne, takin dabbobin kuma jaki ya mayar da shi gona.

Iyayenmu mata ba su shiga aji ba, amma masana abinci na yau sun tabbatar da yawancin abin da suke yi. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na sinadarin gina jiki wanda wake da gyaɗa suke da shi a wadace, don haka in an haɗa su sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Ganyen kuka da zogale suna ɗauke da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙara jini. Jiƙa gero da barin ƙullu ya kwana ya yi tsami suna sauƙaƙa wa jiki ɗaukar amfanin da ke cikinsa. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2016 ta zama shekarar wake da danginsa, ta kuma keɓe 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken da muke ci, maƙwabciyarmu Nijar na bi mata.

Kada kuma mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Masu shekarunmu sun ga farin 1973, sun ga rumbu fayau tun kafin damina ta kankama. A gidaje da yawa tuwo ya yi yawa miya ta yi kaɗan, tsokar nama ta maigida ce, yaro kuwa sai romo. Fiye da haka, wannan abinci a bayan mata yake hawa: su sussuka, su surfe, su daka, su tankaɗe, su tuƙa cikin hayaƙi. Duk shawarar da ba ta lura da wannan wahala ba, a takarda za ta tsaya.

Yadda muka juya mata baya

Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 sun sa shayi da burodi da shinkafar waje suka zama alamar wayewa. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari ta kawo shirin bunƙasa noma a 1980, amma harshen ma'aikaci ya riga ya ɗanɗana wani abu dabam.

A nan ya wajaba mu malamai mu amsa namu laifin. A kwalejin horon malamai mun raɗa wa tuwon ɗakin cin abinci suna gabza, ranar shinkafa kuwa tamkar ranar Sallah muke ɗaukarta. Da muka fito muka kama aji, in darasin abinci mai gina jiki ya zo, sai mu zana tuffa da burodi da madarar gwangwani a kan allo, kamar yadda muka gani a littafi. Ba mu tuna ranar da muka zana ganyen kuka ba, alhali ga bishiyar nan a bakin filin makaranta. Yaron da ya karya da kunu ya zo aji, ya koma gida yana ganin abincin gidansu bai isa shiga littafi ba. Da yawa daga cikin waɗannan yara ku ne kuke zaune a gabanmu yau. Muna neman afuwarku.

Sakamakon yana cikin gidajenmu na birni: shayi da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, taliyar leda da dare, a kora da lemon kwalba. Jikokinmu kan zo hutu a ajiye musu tuwo miyar kuka, su dube shi su dubi uwarsu. Ku lura da cewa burodi da taliya duka 'ya'yan alkama ne. Ko da yake ana noman alkama da rani a Kadawa da kwarin Haɗejiya, fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ƙasar nan ke ci daga waje ake sayo ta da dala. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya iso har teburin mai shayi. Wanda ya ɗaura karin kumallonsa a jikin dala, duk ranar da naira ta yi tuntuɓe shi ne zai faɗi.

Darasin da tsada ta koya mana

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. A watan Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce wannan adadi a kasuwanni da dama. Mun ga magidanta masu mutunci suna ɓuya wa mai shago. Gero da dawa ma sun yi tsada, babu shakka, amma gidan da ya sayi hatsinsa tun da kaka bai ji jiki kamar gidan da ke awo kullum ba.

Daga nan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko sosai. Mu a birni muka yi hamdala. Amma ku tambayi ƙannenmu da ke gona: a wurare da yawa buhun masara bai iya sayen buhun taki ba. Ashe tsada da araha duka suna da wanda suke kayarwa, kuma dukansu namu ne. In hatsi ya yi tsada ɗanmu na birni ya yi kuka, in ya faɗi ɗanmu na gida ya yi kuka. Tsakaninsu akwai dillali da ɗan kasuwa da kuɗin mota da mai shago. Manomi ya sayar da arha a watan Nuwamba don ya biya bashi, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada a watan Agusta. Buhun da aka ɗauka daga kasuwarmu ya bi ta Dawanau, mu je mu saye shi tiya-tiya a Abuja ko Legas, ba mu ma san na gonar gidanmu ba ne.

Abin da likitoci ke faɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni uku masu sauƙin riƙewa ga baligi a kowace rana: gishiri kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, suga kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, ganye da 'ya'yan itace kuwa aƙalla giram 400. Kwalbar lemo ɗaya takan ɗauki suga cokali 8 ko 9. Dunƙulen ɗanɗano da muke jefa biyar ko shida a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishiri a kai. Farar shinkafa da farin fulawa an cire musu dusa, shi ya sa suke saurin ɗaga suga a jini. Mu kuma da muka bar fartanya muka koma kujera da mota, malmalar da muke ci ba ta ragu ba.

Tuwon dawa ma in an cika ciki da shi zai yi ɓarna. A rage malmala a ƙara miya. A sassauta surfe, domin in aka surfe hatsi ya yi fari fat, akuya ce ta ci rabon mai gida. A rage kanwa, domin yawanta yana kashe wasu bitamin. A ɗan jinkirta shayi bayan cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙara jini. Ɗan gishirin da za a sa ya zama mai aidin, saboda maƙoƙo. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani, kada ya ajiye shi don ya koma cin tuwo. Addininmu tun tuni ya hore mu da barin wuri a ciki domin ruwa da numfashi, ya kuma hana almubazzaranci.

Wannan ciwon masu ci ke nan. Akwai kuma na marasa samu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wato a yankin da ke noma wake da gyaɗa da waken suya, fiye da rabin yara ba su kai tsawon shekarunsu ba. Mun gan su a aji ɗaya shekara da shekaru. Yaron da tamowa ta taɓa kafin ya cika shekara 2 yakan sha wahalar karatu, ko da wane irin malami aka ba shi. Kun ga ashe ba mu kauce wa batun ilimin da aka ba mu ba.

Shawarwari

1. Sayen hatsi tare da kaka. A ƙiyasinmu, gida mai mutum 8 da ke shan kunu da safe ya ci tuwo da dare zai buƙaci kimanin tiya ɗaya a rana. Buhu mai tiya 40 ke nan sau 9 a shekara. In gidaje 100 daga cikinmu suka shiga, buhu 900 ne. Kowane reshe ya tara kuɗi tun daga watan Satumba, a saya kai tsaye daga manomanmu a kan farashin da ba zai karya su ba, a yi hayar mota ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Rumbun ƙungiya. Cikin kowane buhu 10 a bar ɗaya a gida, a sayar wa mabuƙata a kan kuɗin da aka saya in marka ta zauna. Tanadin ci dabam, ɓoye abinci don ya yi tsada dabam, kuma na biyun addini ya yi hani da shi. A riƙa karanta lissafin rumbun a gaban wannan taro kowace shekara, domin rashin bayani ne ya kashe yawancin asusun da muka sani.

3. Ajiya ba tare da guba ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi, mu muke dafa wa 'ya'yanmu. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwari kan mutu saboda rashin iska. Jarka ko duro mai murfi ma suna yin wannan aiki. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna kuwa a raba su da tukunya, domin gubarsu tana lalata hanta.

4. Sauke wa mata nauyi. Matar birni tana aji ko ofis ko asibiti, ba ta da turmi ba ta da lokaci. Ƙungiya ta sayi injin surfe da niƙa ta danƙa wa matan gari, musamman waɗanda mazansu suka rasu, su riƙa shirya garin tuwo da na ɗanwake da na kunu, da tsakin dambu, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, cikin tsabta da awo. Mu saya mu biya nan take, ban da bashi, ban da cewa ai na gida ne.

5. Garin kunun yara. Bayan wata 6 na nonon uwa zalla, a haɗa awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa, a riƙa dama wa yaro tare da ci gaba da shayarwa. Kowane reshe ya ɗauki nauyin buhu ɗaya a shekara domin asibitin garinmu, a raba ta hannun ma'aikatan lafiya.

6. Tattali a madafa. A jiƙa wake tun da dare, zai nuna da wuri, gas ko gawayi ya yi saura. A rufe tukunya. A sayi tumatir da tattasai lokacin da suka yi araha a shanya. A shuka zogale biyu da alayyahu a tsohon buhu ko bokiti, ko da gidan haya ne. Inda babu wutar lantarki a tuna da dabarar marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, kayan miya su daɗe ba su lalace ba.

7. Itatuwan miya. Babu daddawa sai da kalwa, babu kalwa sai da ɗorawa. Ku duba gonakinmu, ɗorawa da kuka da tsamiya da suka rage duk tsofaffi ne, kakanni suka bar mana, masu gawayi kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski har ya zama bishiya, aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo kan kaɗe ganyensa da damina, ya ba gona taki bai tare mata rana ba. Kowane ɗan ƙungiya ya dasa ɗorawa ko kuka 5 a gonar gidansu, ya kuma biya wanda zai kula da su shekara 3.

8. Mu fara da kanmu. Maigida ya zauna da uwargida su rubuta cefanen wata guda, su ga inda kuɗi ke zurarewa. A ware aƙalla dare huɗu a mako domin tuwo ko dambu ko fate, kuma maigida ya ci tare da yara, domin yaro ba ya raina abin da ya ga ubansa na ci da marmari. A taronmu na baɗi muna roƙon a kawo fura da zoɓo da kunun zaƙi marasa yawan suga a madadin katan-katan na lemo.

Kammalawa

Jama'a, ba mu ce a daina cin shinkafa ba, mu ma muna sonta, kuma manomanmu na fadama suna nomanta. Roƙonmu shi ne a mayar da gero da dawa da wake mazauninsu na iyayen gida. Kowace tiya da muka saya daga gida kuɗin makarantar wani yaro ce, kuma dalili ce da zai sa wani saurayi ya zauna ya yi noma maimakon ya bi mu birni ya kama tura baro. In muka bari gonakin suka mutu, ranar da muka yi ritaya muka tattaro muka dawo, me za mu tarar? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sun kuma ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Muna roƙon shugaban taro da kada a tashi sai an naɗa mutum biyar, biyu daga cikinsu mata, waɗanda za su kawo wa kwamitin zartarwa tsarin sayen hatsi da na rumbu kafin watan Satumba. Mu da muka zana tuffa a allo a shirye muke mu koma makarantun garin nan mu zana kuka, in shugabanninsu sun ba mu izini.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa, kuskuren da ke ciki Ya yafe mana. Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya jiƙan iyayenmu da suka ciyar da mu da guminsu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.